Daga Zanen Rairayi Zuwa Taswirar Bango: Tarihin Kayan Koyar da Labarin Ƙasa a Arewacin Nijeriya

Gabatarwa

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, ni an kai ni wata makarantar sakandare a ƙasar Kano, aka ba ni 'yan aji huɗu in koya musu labarin ƙasa. Ran da na fara shiga ajin sai na tarar da taswirar Nijeriya rataye a bango, ta yi jawur don ƙura, gara kuma ta ci gefenta. Na kira wani yaro na ce ya fito ya nuna mana jiharsu. Ya duba sama, ya duba ƙasa, can sai ya juyo ya ce, "Malam, ai babu mu a ciki." Na matsa na duba, ashe yaro yana da gaskiya. Mutumin Zamfara ne, taswirar kuwa an buga ta tun kafin 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato. Sa'an nan na tambayi ajin duka inda ruwan Kogin Calawa yake ƙarewa, kogin da wasunsu suke tsallakawa in za su gida. Ba wanda ya sani, alhali kuwa da na tambaye su kogin da ya fi kowane tsawo a Afirka, baki ɗaya suka amsa.

Wannan abu shi ya sa na koma baya in duba yadda aka faro. Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin kayan da aka riƙa koyar da labarin ƙasa da tarihi da su a wannan yanki namu, watau taswira da littafi da sauransu, a ga wa ya yi su, don me ya yi su, kuma da wane harshe. Ra'ayina shi ne, duk lokacin da kayan koyarwa suka fito daga ƙasar da yaro yake takawa da harshen da yake ji, darasi ya zauna. Duk lokacin da suka yi nisa da su kuwa, sai karatu ya koma hadda.

Kafin Zuwan Boko

Kada mai karatu ya zaci labarin ƙasa baƙon ilmi ne da Turawa suka zo da shi. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro, da Buzayen da suke kawo gishiri daga Bilma, da alhazan da suke bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Makka a ƙasa, dukansu suna da taswira, sai dai a ka take. Madugu ya san zango nawa ne tsakanin wannan gari da wancan, ya san inda rijiya take da inda ake biyan fito, da watan da kogi yake ƙetaruwa. Ma'auninsu shi ne kwana, ba mil ba. Malamai kuma suna lissafin taurari don sanin shigar damina da fitarta, suna fitar da alƙibla kafin a kafa masallaci.

Ilmin bai tsaya a ka kaɗai ba, an rubuta shi. Muhammadu Bello ya gama littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812, kuma kafin ya shiga labarin jihadi sai da ya fara da bayanin ƙasashen Takruru ɗaya bayan ɗaya, tun daga gabas har yamma, da mutanensu da asalinsu da abin da ake samu a cikinsu. Watau dai shi a wurinsa ba a fahimtar tarihi sai an san ƙasar da abin ya faru a kanta.

A cikin 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, lokacin Bello yana Sarkin Musulmi. Abin da ya fi damun Turawa a zamanin nan shi ne sanin inda Kogin Kwara yake ƙarewa. Clapperton ya ba da labari cewa Bello ya zana masa hanyar kogin a kan rairayi, ya gaya masa yana faɗawa teku. Da zai koma gida aka ba shi taswira a takarda da wani yanki na Infaƙul Maisuri, aka buga su a Landan a 1826. Abin mamaki, ita taswirar takardar ta nuna kogin yana yin gabas har ya zama Nilu na Masar. Masana sun yi saɓani a kan dalili: wasu sun ce Bello ya ɓoye hanyar ne da gangan don tsaron ƙasarsa, wasu sun ce an bi ra'ayin tsofaffin malaman Larabawa ne. Ko ma dai wanne ne, sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa suka bi kogin har teku. Haka kuma Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya cika littattafansa da jerin zango-zango da ya samo daga bakin fatake da alhazai, kuma a Gwandu ya sami kwafin Tarikhus Sudan a 1853. Ashe da yawa daga abin da aka dawo mana da shi a bugaggen littafi, daga zaurukanmu aka kwashe shi.

Makarantar Ɗan Hausa da Kwalejin Katsina

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai aka ɗora wa Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, aikin kafa makarantar gwamnati. Shi kansa matafiyi ne, domin ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906. Ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ana koyarwa da Hausa, kuma labarin ƙasa yana cikin darussan tare da karatu da rubutu da lissafi da kiwon lafiya.

To amma ya kamata mu tambayi kanmu, me gwamnatin mulkin mallaka take so da wannan ilmi? Amsa ita ce haraji da iyaka. A ƙasar Kano an riƙa tura malaman taki suna auna gonaki da ƙafa domin a yanka wa kowa kuɗin ƙasa gwargwadon faɗin gonarsa, daga baya aka horar da ma'aikatan safiyo masu awo da sarƙa. Saboda haka farkon haɗuwar talaka da awon ƙasa irin na boko ba a aji aka yi ta ba, a gona aka yi ta, kuma ba ta yi masa daɗi ba. A daidai wannan zamani ne kuma Ingila da Faransa suka shata iyakar arewa ta yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Tun daga nan taswirar bango ta fara koya wa yaro cewa ƙasarsa ta ƙare a bayan Jibiya, abin da ke sama kuwa fili ne fari. Ba ta gaya masa cewa sarakunan Katsina na Haɓe ne suka zauna a Maraɗi bayan jihadi ba, ko cewa na Gobir suna Tsibiri.

A 1921 aka buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malamai, Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922. Ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta zama Kwalejin Barewa. A nan harshen koyarwa Ingilishi ne. Da aka kafa makarantun midil wajen 1930 sai tsari ya zauna kamar haka: Hausa a elementare, Ingilishi daga nan zuwa sama. Wannan rabo yana da muhimmanci ƙwarai a tarihin da muke bi, domin shi ya yanke wa littattafan Hausa hukuncin zama a ƙananan azuzuwa. Yaron da ya kai sakandare jarrabawar Kambirij ce a gabansa, littattafansa da kundin taswirorinsa daga Ingila ake kawo su, don haka sai ya san garuruwan masaƙun Ingila da ma'adinan kwal nata fiye da yadda ya san marinar Ƙofar Mata. A darasin tarihi kuma a gaya masa Mungo Park ne ya gano Kwara, kogin da kakannin Sarkawa da Nufawa suke su a cikinsa tun ba a san Ingila ba.

Littattafan Zariya

Duk da haka ba za a ce ba a yi kome da Hausa ba, kuma wanda ya ce haka bai yi adalci ba. Wajen 1930 aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ta koma Hukumar Talifi ƙarƙashin Dokta R. M. East. Daga cikin ayyukanta na farko akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu, 1932 da 1933, inda aka juyo tsofaffin rubuce-rubucen Larabci zuwa Hausar boko, har da tarihin sarakunan Kano wanda H. R. Palmer ya riga ya fitar da Ingilishi a 1908. Ta haka ɗan makaranta ya sami damar karanta labarin Bagauda da Rumfa da harshen uwarsa. A ɓangaren Ingilishi kuma wani jami'in ilmi, S. J. Hogben, ya fitar da littafi kan tarihin masarautun Arewa a 1930, wanda aka faɗaɗa tare da A. H. M. Kirk-Greene a 1966.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 Malam Abubakar Imam yana edita, ita ma ta zama littafin labarin ƙasa ba da niyya ba, domin labaran Yaƙin Duniya na Biyu sun shigo da sunayen ƙasashe masu nisa cikin zaure, musamman Bama inda aka kai sojojinmu. Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bayan yaƙi kuma shi da East suka fitar da Ikon Allah, wanda ya yi bayanin halittun duniya da Hausa mai sauƙi. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sa'an nan cikin shekarun 1950, zamanin hukumar NORLA da Yaƙi da Jahilci, 'yan ƙasa suka ɗauki alƙalami da kansu: Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari, Wazirin Sakkwato Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani, Abdulmalik Mani ya rubuta Zuwan Turawa Nijeriya Ta Arewa.

Waɗannan littattafai sun tabbatar da cewa Hausa tana iya ɗaukar tarihi da ilmin halitta ba tare da ta yi nishi ba. Abin takaici shi ne an bar su a bakin ƙofar sakandare. Ko inda suka shiga, a darasin Hausa suka shiga, a matsayin littattafan koyon harshe, malamin tarihi da na labarin ƙasa ba ruwansu da su.

Bayan Samun 'Yancin Kai

An kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma a 1952, kuma sannu a hankali manhaja ta juyo gida. Bayan 1960 'yan Afirka suka fara rubuta littattafan sakandare. N. P. Iloeje ya fitar da littafinsa na labarin ƙasar Nijeriya a 1965, Adu Boahen na Gana ya fitar da nasa na tarihin Afirka ta Yamma a 1966, Reuben Udo kuma ya yi nasa kan yankunan Nijeriya a 1970. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, Farfesa Abdullahi Smith da almajiransa suka duƙufa wajen tattara rubuce-rubucen Larabci da labaran baka, aka kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Michael Mortimore kuma ya yi shekaru yana nazarin yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace shekara ba ta gaji ba, saboda taki da suke ɗaukowa daga birni a kan jakuna.

A makarantun da suka sami gata a wannan zamani akwai ɗaki na musamman na labarin ƙasa. Za ka ga dunƙulen duniya a kan tebur, da taswirorin safiyo masu ma'aunin 1:50,000 waɗanda ake koyon karatun tudu da kwari da su, da kamfas, da ma'aunin ruwan sama a fili, da farin akwati mai ƙafafu inda ake ajiye ma'aunin zafi. Yara suke karanta awon kowace safiya suna rubutawa. Wannan ci gaba ne babba, sai dai makarantun kaɗan ne.

Daga nan sai manufa ta sake. An yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas a 1969, aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982. A ƙaramar sakandare aka narkar da tarihi da labarin ƙasa cikin darasi guda na nazarin zamantakewa. Makarantu suka yawaita, ɗalibai suka ninku, kuɗin mai kuma ya ja baya cikin shekarun 1980. Sabuwar makaranta sai ta buɗe da allo da alli kawai, tsohuwa kuma in dunƙulen duniyarta ya fashe ba a sake saye. Malam ya koma karanto bayani yara suna kwafa. Shi kuwa tarihi, daga baya ma cire shi aka yi daga manhajar ilmin tushe wajen 2009, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar mayar da shi. Yaran da suka yi karatu a tsakanin nan sun fita ba su taɓa jin sunan Kanta ko Amina a aji ba, in ba malaminsu ya yi musu alheri don kansa ba.

Taswira Tana Tsufa

Wani abin da tarihin nan ya nuna shi ne kayan koyar da labarin ƙasa suna tsufa da sauri fiye da na lissafi. Biyu da biyu huɗu ne tun zamanin Ɗan Hausa, amma Nijeriya ta zama jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sa'an nan 36 a 1996, kuma hedkwata ta tashi daga Legas zuwa Abuja a 1991. Tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya nutse ƙarƙashin tafkin Kainji da aka gama datse Kwara a 1968. Madatsar Tiga ta 1974 ta sauya yadda ruwa yake isa fadamun Haɗeja da Nguru. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda hotonta ya cika tsofaffin littattafai, ta ɓace cikin shekarun 1970. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, amma a taswirar bango yana nan shuɗi cike fal. Malamin da ya dogara ga tsohon littafi kaɗai, labarin ƙasar da ta riga ta wuce yake koyarwa.

Yau ga hotunan tauraron ɗan Adam a wayar hannu, Nijeriya ma ta harba nata na farko a 2003. Malam yana iya nuna wa yaro rufin gidansu daga sama. Amma in ka duba sunayen da ke kan waɗannan taswirori sai ka tarar da rubutun da masu safiyo na Ingila da Faransa suka bari: Tasawa da Tsibiri da Dogon Dutsi an rubuta su yadda Bahaushe ba zai gane garinsu ba. Na'ura sabuwa ce, idon da ya kalli ƙasar kuwa har yanzu na baƙo ne.

Abin da Ke Ƙarƙashin Ƙafarmu

Hausawa sun ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Kayan koyarwa mafi arha suna nan kewaye da kowace makaranta. Na farko shi ne harshen kansa. Littafin Ingilishi yana cewa yanayi biyu ne a ƙasarmu, na ruwa da na rani, amma manomi ya san bazara da damina da kaka da hunturu da rani, kuma kowanne da aikinsa. Yana bambanta jigawa da dabagi da laka da fako da jangargari da marmara, yana bambanta kogi da gulbi da ƙorama da tafki da kududdufi. Kalmar fadama har masana na duniya sun are ta sun shigar da ita cikin littattafansu, Jihar Jigawa kuma daga sunan irin ƙasarta ta sami suna a 1991. Yaron da aka fara masa daga waɗannan kalmomi ya riga ya san rabin darasi kafin a buɗe littafi.

Na biyu shi ne wurare. Ɗalibin Kano yana da Dala, inda aka narka tama tun kafin a kafa birnin, da ganuwa da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. Na Zariya yana da Kufena da Turunku, na Katsina yana da Gobarau, na Daura yana da Kusugu, na Sakkwato da Kabi suna da kangon Surame, na Birnin Kudu yana da zanen da ke jikin duwatsu. Ko inda babu ɗaya daga waɗannan, akwai kasuwa. A tura yara ran kasuwa su tambayi daga ina kanwa ta zo, daga ina manja, daga ina goro, su dawo su zana hanyoyin a filin makaranta. Gwangwani da mazurari da ma'aunin rula sun isa a fara awon ruwan sama. Laka da toka da bula sun isa a gina tudu da kwari da kogi a ƙasa.

Amsar tambayar da na yi wa ajin nan kuwa ita ce: Calawa tana haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya gamu da na Jama'are a fadamun Haɗeja da Nguru, su zama Kogin Yobe wanda yake faɗawa Tafkin Cadi. Kashegari na fita da su fili muka zana wannan a kan rairayi da tsinke. Bayan mako biyu da na sake tambaya, har wanda ya fi kowa barci a aji ya amsa.

Kammalawa

Mun ga yadda ilmin ƙasa ya faro daga kan madugai da alƙaluman malamai, ya bi ta hannun masu safiyo da masu haraji, ya sami littattafan Hausa a Zariya waɗanda aka hana su hawa sama, ya sami marubuta 'yan ƙasa bayan 1960 amma da Ingilishi, sa'an nan ya faɗa cikin rashin kayan aiki. Gwamnati tana da nata alhakin, na sayen taswirori masu rai da horar da malamai. Amma mu 'yan Ƙungiyar Hausa muna da namu. Da yawa daga cikinmu aji za mu koma bayan mun gama. Maimakon mu tsaya ga waƙa da wasan kwaikwayo a Makon Hausa kaɗai, me zai hana kowannenmu in ya je hutu ya rubuto labarin garinsu, da sunayen unguwanni da fadamu da duwatsu yadda dattawa suke faɗinsu, da asalin kowane suna? In aka tara waɗannan aka tace, abokan karatunmu na sashen labarin ƙasa suka zana taswirorin, to an sami littafin da malamin sakandare zai riƙe, kuma 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sai su cike mana farin filin nan da ke sama da iyaka. Dattawan da suka san waɗannan sunaye suna ta ƙarewa, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya ba mu ikon yi, amin.